Tambayoyi da amsoshi kan DRS: shin duba hukuncin alƙalin wasa ta bidiyo ya amfani wasan kurket?

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san rigimar VAR ciki da bai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne 'yan kurket sun riga kowa shiga wannan rigima, don kuwa tun 1992 suke neman taimakon talabijin wajen yanke hukunci, kuma tun 2008 aka ba ɗan wasa damar ƙalubalantar alƙali a tsakiyar fili. Tsarin nasu shi ake kira DRS. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne DRS?

Hanya ce ta ɗaukaka ƙara. Alƙalai biyu ne a cikin fili. Idan ɗayansu ya ce mai bugu ya fita, ko ya ce bai fita ba, ɓangaren da bai gamsu ba yana iya neman a miƙa maganar ga alƙali na uku, wanda ke zaune a ɗaki da allunan bidiyo a gabansa. Shi zai duba, ya gaya wa na fili ya tsaya kan hukuncinsa ko ya janye.

Alƙali na uku ya girmi DRS. An fara amfani da shi a Nuwamban 1992 a Durban, a wasan Afirka ta Kudu da Indiya, kuma Sachin Tendulkar na Indiya ne mutum na farko da hoton talabijin ya fitar daga wasa. Sai dai a wancan zamani alƙalin fili ne kaɗai ke da ikon cewa a duba, kuma a kan abubuwa ƙalilan, kamar ko mai bugu ya isa layi kafin a karya turakunsa. Sabon abin da DRS ya zo da shi shi ne ya ɗora wannan iko a hannun 'yan wasa.

Ban san kurket sosai ba. Waɗanne hukunce-hukunce ake rigima a kansu?

Biyu ne manya. A bayan mai bugu akwai turaku uku a kafe, faɗinsu gaba ɗaya inci 9, tsayinsu inci 28, da 'yan guntayen itace biyu a ɗore a samansu. Mai jifa yana son ƙwallonsa ta daki turakun nan, mai bugu kuma yana kāre su da sandarsa yana neman maki.

Rigima ta farko ita ce shafar sanda. Idan ƙwallo ta shafi gefen sanda, ko da shafar da ido ba ya gani ce, aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. Ta biyu ita ce wadda ake kira LBW, wato mai bugu ya tare da ƙafarsa ƙwallon da za ta daki turaku. A nan alƙali sai ya amsa tambayoyi huɗu a lokaci guda: ina ƙwallon ta faɗi a ƙasa, ta taɓa sanda kafin ƙafa ko ba ta taɓa ba, a ina ta sami ƙafar, sannan da ƙafar ba ta tare ba, za ta daki turaku? Tsakanin turakun wannan gefe da na wancan yadi 22 ne. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 140 a awa tana cinye wannan tazara cikin kusan rabin sakan. Alƙali ya gama duba ƙafar mai jifa ke nan don kada ya tsallake layi, ya ɗago kai, ga mutum goma sha ɗaya sun juyo suna masa ihu.

Yaya ake ɗaukaka ƙarar?

Kyaftin ɗin masu jifa ko kuma mai bugun da aka fitar, su kaɗai ke da baki. Suna da sakan 15. Mai neman a duba zai haɗa hannuwansa ya yi alamar harafin T. Ba a yarda ya nemi shawara daga wajen fili ba. A Maris ɗin 2017 a Bengaluru, kyaftin ɗin Ostiraliya Steve Smith ya waiwaya wajen ɗakin 'yan wasansu bayan an fitar da shi, alƙali Nigel Llong ya taho da sauri ya sallame shi, kyaftin ɗin Indiya Virat Kohli kuma ya yi ta faɗa har bayan an tashi.

Alƙali na uku yana bi daki-daki, kuma masu kallo a gida suna jin muryarsa yana ba ma'aikatan bidiyo umarni: a koma baya, a tsayar nan, a kawo mini ta gefe. Idan ƙarar ta yi nasara, ƙungiya ba ta rasa komai ba. Idan ta faɗi, an cire mata dama ɗaya. A yanzu dama uku ce ga kowace ƙungiya a kowane zangon bugu na wasan Test mai kwana biyar, biyu kuma a gajerun wasanni. Da can biyu da ɗaya ne. An ƙara a 2020 lokacin korona, saboda hana tafiye-tafiye ya tilasta a koma amfani da alƙalan gida.

Da me alƙali na uku yake dubawa?

Na'ura uku, banda bidiyon da ake sassauta gudunsa.

Akwai mai bin sawun ƙwallo. Fitacciya ita ce Hawk-Eye, wadda Paul Hawkins ya ƙirƙiro a Ingila, aka fara nuna ta a talabijin a 2001, Sony kuma ta saye kamfanin a 2011. Kyamarori da dama a sassan fili suna ɗaukar ƙwallon tun daga hannun mai jifa har inda ta daki ƙafa, kwamfuta ta haɗa hotunan, sannan ta yi hasashen inda za ta je da ba a tare ta ba. Akwai kishiyarta Virtual Eye ta wani kamfani a Dunedin ta New Zealand.

Akwai mai sauraren sauti, UltraEdge ko Snicko, wadda ke ɗauko ƙara daga makirufon da ke jikin turaku ta zana shi a allo daidai da hoton. Idan layin ya yi tsalle a daidai lokacin da ƙwallo ke wuce sanda, an shafa ke nan. Sai Hot Spot, kyamarar da ke ganin zafi, wadda ke nuna farin tabo inda ƙwallo ta goga. Ita wannan ta ja baya sosai, saboda tsada da kuma yadda shafa mai siririya ke kuɓuce mata.

Me ya sa aka kawo shi tun farko?

Saboda talabijin ta riga alƙali gani. Tun shekarun 1990 mai kallo a falonsa yake ganin kuskure sau biyar ta kusurwa biyar, alhali mutum ɗaya tilo da ba a ba shi damar sake gani ba shi ne mai hukuncin.

Wasan da ya kai mutane bango shi ne na Sydney a Janairun 2008. Andrew Symonds na Ostiraliya yana da maki 30 ya shafi ƙwallon Ishant Sharma, aka cafe, ƙarar ta fito fili, alƙali Steve Bucknor ya ce bai ji ba. Symonds ya zarce har maki 162 ba a fitar da shi ba, daga baya ma da bakinsa ya ce ya taɓa. A ranar ƙarshe aka fitar da Rahul Dravid da ƙwallon da ba ta taɓa sandarsa ba. Indiya ta sha kaye ana dab da tashi, rigima ta kai ga an cire Bucknor daga wasa na gaba a Perth. Bayan wata shida aka gwada DRS a karon farko, a Siri Lanka. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ƙaddamar da shi a hukumance a Nuwamban 2009, a wasan New Zealand da Pakistan a Dunedin.

To me ya sa Indiya, wadda aka zalunta a Sydney, ta ƙi tsarin shekara takwas?

Gwajin farko ne ya ƙona ta. A wasanni ukun nan na 2008 Siri Lanka ta ci ƙara 11, Indiya ta ci ɗaya tak, Virender Sehwag kuma ya zama mutum na farko da aka fitar ta hanyar ɗaukaka ƙara. Manyan 'yan wasan Indiya suka dawo gida ba su yarda da na'urar hasashen ba, hukumarsu ta BCCI ta tsaya a bayansu. Da yake daga Indiya mafi yawan kuɗin kurket ke fitowa, ba wanda ya iya tilasta mata, sai aka bar abin a kan sai ƙasashen biyu sun amince.

A gasar cin kofin duniya ta 2011 dole ta yi amfani da shi, kuma ta ɗanɗani zaƙi da ɗaci. A Bengaluru na'ura ta nuna ƙwallon Yuvraj Singh za ta daki turakun Ian Bell na Ingila, Bell har ya kama hanyar fita, sai aka ce ya dawo, wai ƙwallon ta same shi fiye da mita 2.5 daga turaku, tazarar ta yi yawa a amince da hasashen. Wasan ya tashi kunnen doki, maki 338 kowanne. A wasan kusa da na ƙarshe kuma, da Pakistan a Mohali, alƙali Ian Gould ya fitar da Tendulkar da jifan Saeed Ajmal yana da maki 23, Hawk-Eye ta ce ƙwallon za ta kauce da ƙyar, ya ci gaba har 85. A Pakistan har yau ba a daina maganar nan ba.

Indiya ta sauko a ƙarshen 2016, lokacin ziyarar Ingila. Kafin nan an kai na'urorin jami'ar MIT a Amurka an gwada su, an inganta saurin kyamarori ƙwarai, kuma Anil Kumble, wanda ke shugabantar kwamitin kurket na ICC, shi ne kocin Indiya a lokacin.

Kai tsaye: ya rage kuskure ko bai rage ba?

Ya rage, nesa ba kusa ba. ICC ta sha faɗin cewa hukuncin da ake yankewa daidai ya tashi daga casa'in da 'yan kai cikin ɗari zuwa kusan 98. Ana iya cewa mai kaya ne ke yabon kayansa, amma ba sai an dogara da lissafinta ba. A Oktoban 2016 a Chittagong, alƙali Kumar Dharmasena ya ɗaga wa Moeen Ali yatsa sau uku cikin jifa shida, duka ukun aka soke. A Edgbaston a 2019 an soke hukunci takwas na Joel Wilson a wasa ɗaya. Da babu DRS, duk waɗannan da sun shiga kundin tarihi a matsayin gaskiya.

Amma akwai wani lissafi da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Cikin ƙararrakin da 'yan wasa ke ɗaukakawa, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke nasara. Sauran ukun alƙali ne da gaskiya, ko kuma ba a sami hujjar soke shi ba. Tsarin ya nuna alƙalai na kuskure, ya kuma nuna 'yan wasan da suka shekara ɗari suna ƙorafi sun fi su kuskure.

Me ya sa wani lokaci a nuna ƙwallo tana dukan turke, amma a ce mutum bai fita ba?

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi ci wa masu kallo tuwo a ƙwarya. 'Yan kurket na kiranta umpire's call, ma'ana a bar wa alƙalin fili hukuncinsa.

Ga yadda take. Abin da ya faru daga hannun mai jifa zuwa ƙafar mai bugu, kyamara ta gani. Abin da zai faru daga ƙafa zuwa turaku kuwa bai taɓa faruwa ba, lissafi ne. Kowane lissafi irin wannan yana da ɗan gibi, kuma gibin na ƙaruwa idan ƙwallon ta faɗi dab da ƙafa, domin kyamarori ba su sami isassun hotuna bayan ta tashi daga ƙasa ba, ko idan sauran tafiyar da ke gabanta na da tsawo. Saboda haka ICC ta ce idan alƙali ya ce mutum bai fita ba, ba za a soke shi ba sai aƙalla rabin ƙwallon yana dukan yankin turaku. Idan ƙasa da rabi ne, duk abin da alƙali ya faɗa da farko shi ke tsayawa.

Sakamakon sai ya zama ƙwallo biyu iri ɗaya, hoto iri ɗaya, wannan ya fita wancan bai fita ba, bambancin kawai yatsan alƙali. Masu suka, cikinsu har da Tendulkar da marigayi Shane Warne, sun ce ko dai a yarda da na'ura ko a bar ta: a wasa na zahiri ƙwallo ko gefen turke ta shafa guntayen itacen na faɗowa, to ina aka samo zancen rabi? Masu kāriya suka ce hoton da ake nunawa a talabijin ne ke ruɗin mutane. An zana ƙwallo tsaf tana taɓa turke kamar an ɗauki hoton abin da ya auku, alhali tsakiyar zato ne kawai aka zana.

A ganina masu kāriya sun fi hujja kan lissafin, masu suka kuma sun fi hujja kan adalci. Gibin na nan, ba a musunsa. Amma idan na'urar da ke da kyamarori masu ɗaukar ɗaruruwan hotuna a sakan ba ta da tabbas, ban ga dalilin da zai sa a ce idon mutumin da ya gani sau ɗaya shi ne zai raba gardama ba. Da a ja layi ɗaya, a ce daga nan mutum ya fita, ƙasa da nan bai fita ba, ko me alƙali ya ce, da ya fi sauƙin bayani. Matsalarsa ita ce duk inda aka ja layin an sauya girman turaku ke nan a fakaice, kuma idan aka ce shafa kaɗan ma ta isa, wasannin kwana biyar za su riƙa ƙarewa a kwana uku. Wannan tsoron, a zatona, shi ya fi riƙe ƙa'idar. ICC dai gyara take ta yi mata: a 2017 ta ce ƙungiya ba za ta rasa damarta ba idan ƙararta ta faɗi ta wannan hanya, a Afrilun 2021 kuma ta ɗaga yankin turaku ya kai saman guntayen itacen.

Idan tsarin na aiki, me ya sa har yanzu mummunan hukunci ke yanke manyan wasanni?

Domin damar ƙidayayya ce, kuma a hannun mutane masu son nasara take. An ƙirƙiro ta don kuskuren da kowa ya gani, kyaftin-kyaftin suka mai da ita caca: a gwada ko za a dace, musamman idan babban ɗan wasa ne a gaba.

A Trent Bridge a Yulin 2013, Stuart Broad na Ingila ya shafi ƙwallon Ashton Agar shafa mai kauri, ta taɓa safar hannun Brad Haddin ta faɗa hannun Michael Clarke. Duk filin an gani banda alƙali Aleem Dar. Broad ya tsaya abinsa. Ostiraliya ta riga ta ƙarar da damarta a kan ƙararrakin da ba su da tushe. Broad yana da maki 37 a lokacin, ya kai 65, Ingila kuma ta ci wasan da maki 14 kacal.

Na Headingley a Agustan 2019 ya fi ciwo. Ingila na bin maki 359, mutum ɗaya ya rage a fitar mata, Ben Stokes yana ta ɓarin ƙwallaye, Jack Leach mai tabarau yana riƙe masa ɗaya gefen. Saura maki 8, kyaftin ɗin Ostiraliya Tim Paine ya jefa damarsu ta ƙarshe a kan ƙwallon Pat Cummins da ta sami ƙafar Leach, ƙwallon da ko daga kan benci an ga inda ta faɗi ba zai sa a fitar da shi ba. Ya cinye guzurinsa tun bai bar gari ba. Mintuna kaɗan bayan haka, saura maki 2, Nathan Lyon ya daki ƙafar Stokes a gaban turaku, Joel Wilson ya girgiza kai. Da aka nuna a talabijin, alamun na'urar uku duk ja ne reras, wato ya fita ba tantama. Babu damar ƙara. Stokes ya gama da 135, Ingila ta ci.

Wa za a zarga? Paine, babu shakka. Amma mai tambaya yana da hujja idan ya ce tsarin da ya san gaskiya cikin sakan talatin, ya nuna wa duniya, sannan ya naɗe hannu, akwai abin dubawa a cikinsa. Masu son a karɓe damar daga 'yan wasa a ba alƙali na uku ya riƙa sa baki da kansa ba su amsa tambaya ɗaya ba: a wasan da ake ihun neman fitarwa sau da yawa a awa, wanne zai duba wanne zai bari?

Na'urar kanta tana kuskure?

Tana yi, ko da yake in ka bi diddigi yawanci mutum za ka tarar a bayan kuskuren. A Disamban 2025 a Adelaide, Alex Carey na Ostiraliya ya shafi ƙwallo yana da maki 72, Ingila ta ɗaukaka ƙara, tsallen layin sauti ya fito kafin ƙwallon ta iso sanda, aka bar shi ya kai 106. Da yamma kamfanin BBG Sports ya amsa cewa ma'aikacinsa ne ya ɗauko sauti daga makirufon da ba shi ba.

Wani lokacin kuma na'ura ta faɗi gaskiya, mai karanta ta ne ya kauce. A wasan Test na farko da aka yi da fitilu da dare, a Adelaide a 2015, Hot Spot ta nuna tabo a sandar Lyon, shi kansa ya fara tafiya, amma Nigel Llong da ke ɗakin bidiyo ya ce ba shi da tabbacin daga ina tabon ya fito. ICC ta amsa daga baya cewa kuskure ne. A Melbourne a Disamban 2024 akasin haka aka yi. Snicko ba ta nuna komai ba, amma alƙali Sharfuddoula na Bangladesh ya ga ƙwallon ta sauya hanya bayan ta wuce safar hannun Yashasvi Jaiswal, ya fitar da shi. Magoya bayan Indiya sun yi ta ihu a filin, sai dai shi ne da gaskiya, don ƙwallo ba ta lanƙwasa a iska haka kawai.

Sai na Cape Town a Janairun 2022, wanda ba a taɓa warware shi ba. Alƙali Marais Erasmus ya fitar da Dean Elgar na Afirka ta Kudu da jifan Ravichandran Ashwin na Indiya, na'ura ta ce ƙwallon za ta tsallake saman turaku, aka ji Erasmus da kansa yana cewa hakan ba zai yiwu ba. Kohli ya sunkuya kan makirufon turke yana caccakar gidan talabijin na SuperSport. Babu wata hujjar maguɗi da ta fito. Abin da ya fito shi ne yadda zargin ya sami wurin zama cikin sauƙi, tunda ba ICC ke riƙe da kayan aikin ba.

Akwai abin da DRS ba ya iya gyarawa ko da ya gano kuskuren?

Akwai. Da zarar alƙali ya ɗaga yatsa, ƙwallo ta mutu. A gasar duniya ta T20 a New York a Yunin 2024, an fitar da Mahmudullah na Bangladesh da LBW, ƙwallon kuwa ta goga ƙafarsa ta gangara har iyakar fili. Ya ɗaukaka ƙara ya ci, amma maki huɗun nan ba su dawo ba. Bangladesh ta sha kaye a hannun Afirka ta Kudu da maki huɗu daidai.

Haka a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2019 a Lord's, inda aka ba Ingila maki shida maimakon biyar bayan ƙwallon da aka wurgo ta daki sandar Stokes ta fice. Wannan ba ya cikin abubuwan da 'yan wasa ke da ikon ƙalubalanta.

Ya sauya yadda ake buga wasan?

Ƙwarai, kuma wannan ne ba a cika faɗa ba. A da, idan mai murɗa ƙwallo yana jifa, mai bugu sai ya miƙa ƙafa gaba sosai, ya ɓoye sanda a bayanta, ya bar kāriyar ƙwaurinsa ta yi aikin. Alƙalai ba sa fitar da wanda ya taka gaba haka, suna cewa tazarar ta yi nisa a sani. Da Hawk-Eye ta fara nuna cewa yawancin ƙwallayen nan turaku za su daka, alƙalai suka koyi darasi suka fara ɗaga yatsa tun kafin a kai ƙara. Graeme Swann na Ingila yana cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan. A farkon 2012 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an fitar da mutum 43 ta LBW a wasanni uku tsakanin Pakistan da Ingila, Ajmal da Abdur Rehman suka yi wa Ingila 3 da babu. Yaran da ke tasowa yanzu ana koya musu su sa sanda a gaban ƙafa.

Bai zubar da mutuncin alƙalai ba?

An ji tsoron haka, amma bai faru yadda aka zata ba. Abin da ya ragu shi ne tsayawa ana hararar alƙali da zargin son kai. Wanda yake ganin an cuce shi, ga hanya. Idan bai ɗaukaka ƙara ba, ya rufe bakinsa.

Me ya sa ya fi VAR karɓuwa?

Kurket wasa ne mai tsayawa bayan kowace jifa, don haka dubawar ba ta katse komai. Tambayoyinsa kuma yawanci na e ko a'a ne: ta taɓa ko ba ta taɓa ba, a cikin layi ko a waje. Babu zancen ko da gangan ya sa hannu, ko turin ya kai a busa. Sannan 'yan wasa ne ke kira, laifin ɓarnar dama a kansu yake. Uwa uba, komai a fili ake yi: ana jin alƙali na uku, ana ganin abin da yake gani, har 'yan kallo a filin suna bin hoton a babban allo suna ihu da fitowar kowane ja. Inda kurket ya shiga ra'ayi, kamar ko yatsun mai cafewa suna ƙarƙashin ƙwallo kafin ta taɓa ciyawa, rigimarsa ba ta da bambanci da ta ƙwallon ƙafa. A da alƙalin fili kan ba da alamar abin da yake zato kafin a duba irin wannan cafewa, aka ga tana ɗaure hannun na uku, aka soke ta a Yunin 2023.

Kowace ƙasa na samun tsarin daidai da kowa?

A'a, kuma a nan ne babban rauninsa yake, ba a cikin kyamara ba. A gasannin ICC ita ke ɗaukar nauyi. A wasannin da ƙasa ke gayyatar ƙasa kuwa, hukumar mai masauki da gidan talabijin ɗinta ne ke biya, su ne kuma ke zaɓen kamfani. Shi ya sa a wannan ƙasa UltraEdge, a waccan Snicko, nan Hawk-Eye, can Virtual Eye, alhali maki ɗaya ake tarawa a gasa ɗaya. Ma'aikacin da ke daidaita sauti da hoto ba alƙali ba ne, ɗan kwangila ne, amma yatsansa na iya yanke wasa kamar yadda aka gani a Adelaide.

Masu ƙaramin ƙarfi kuma sukan haƙura. Zimbabuwe ba ta fara amfani da shi a gida ba sai a ƙarshen 2016. A Disamban 2024 matan Afirka ta Kudu da na Ingila sun buga wasan Test a Bloemfontein babu DRS, alhali ana sa wa maza. Ƙasashe masu tasowa a kurket irin su Najeriya, wadda 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a Malesiya a Janairun 2025, yawancin wasanninsu na share fage a Afirka da idon alƙali kaɗai ake yin su. A irin waɗannan wasanni hukunci ɗaya na iya raba ƙasa da gurbin gasar duniya da tallafin kuɗin da ke biye da shi, kuma kyaftin ko ya haɗa hannu ya yi alamar T, babu ɗakin da za a kira.